Ba Ni da Sauran Tambaya

'Yar wana lauya ce, amma in kana neman wanda zai tsaya maka a gaban alƙali, kada ka wahalar da ƙafarka zuwa ofishinsu. Takardun filaye take dubawa, da yarjejeniyar haya, da rabon jari tsakanin 'yan kasuwar da ba su yarda da juna ba. Baƙar rigarta ta shiga kotu tana rataye a bayan ƙofa, cikin ledar mai guga. Mutane kan ce wai kunya ke gare ta. Kunya! Yarinyar da tun ba ta gama fitar da haƙora ba take ƙure manya da gardama? Ni goggonta ce, gida ɗaya muke zaune tun tana firamare, kuma a gabana abin ya faru. Rana ɗaya ta rasa ubanta alhali yana raye, yana ci yana sha a tsakar gida. Tun daga ranar babu abin da take nema a duniya kamar ya ɗago ido ya dube ta yadda ya saba.

Na dawo gidan Yaya ne bayan rasuwar mijina, daga ni sai keken ɗinkina. Gida ne mai ɗaki uku da 'yar rumfa, sai tsakar gida da aka daɓe da siminti. A gefen igiyar shanya akwai wani faci mai kusurwa huɗu wanda ya fi sauran daɓen duhu. Da can tankin ruwa ne na ƙasa, mai murfin ƙarfe. A ciki ɗan farin Yaya ya faɗa yana ɗan shekara huɗu, da tsakar rana, uwarsa na barci da tsohon ciki, cikin ita wannan lauyar da nake ba da labari. Uban kuma yana wurin nema, direban tasi ne. Ni lokacin ina gidan mijina a wani gari, yadda aka ba ni labari ke nan, kuma yadda kowa ya sani ke nan. Matar Yaya ta ɗebi ruwan wanki da safe. Da farko ta ce ta rufe, daga baya ta ce wataƙila ba ta rufe ba, a ƙarshe ta tsaya a kan cewa ita ta bar shi a buɗe, ita ta kashe ɗanta.

An cike tankin da yashi an shafe bakinsa, amma ba mai taka wurin. Ko baƙo ya shigo sai ka ga ya kewaye, ba tare da an gaya masa komai ba. Sunan yaron ma ba a kira a gidan, in ana yi wa yarinyar maganarsa sai dai a ce mata "wanki", wato yayanta. Ita kuwa uwar, murfi ya zame mata ciwo. Tukunya, kwalba, bokiti, randa, gwangwanin gishiri, sai ta rufe ta dawo ta taɓa ta sake dawowa. Kuna tsakiyar hira za ta miƙe zumbur ta ce tana zuwa. Sau da yawa ina kan keke nakan hango ta ta taga, tsaye a bakin facin nan, tana danna gefensa da yatsan ƙafa kamar mai gwada ko ya zauna daidai. Ban taɓa ganin ta yi barcin rana ba, ko zazzaɓi take yi.

A cikin wannan gida aka haifi yarinyar, da bakinta a buɗe. In ka ce mata rana ta faɗi sai ta ce wa ya ture ta. In na ce ta ɗauki almakashina sai ta ce, "Goggo, kin gan ni da idonki, ko dai zato kike?" Ni abin haushi yake ba ni, na sha ɗaukar mata tsintsiya. Shi kuwa Yaya dariya yake har da buga cinya. Shi ya laƙaba mata Lauya, sunan ya bi ta har ya danne na yanka. Ranar da ba makaranta a gaban mota yake zaunar da ita, su yi ta yawon ɗaukar fasinja, in gardama ta kaure a kujerar baya sai ya ce, "Ku dakata, ga lauyata nan, ta raba ku." Da ta samu gurbin karatun shari'a a jami'a, sai da ya kai takardar tashar mota ya nuna wa har masu sayar da ruwa.

Ni na ɗinka mata fararen riguna da baƙaƙen siket ɗin da suke sawa, don su a sashensu ba a shiga aji da kaya masu launi. Ta riƙa dawowa hutu da littattafan da in ka jefi kare da ɗaya ba zai sake haushi ba. Ta zauna a rumfa tana haddace shari'ar wasu mutane da suka mutu tun kafin a haifi kakanmu, a kan katanga, ko gado, ko shanun da suka shiga gonar wani. Na ce mata, "Ke yanzu faɗan matattu aka tura ki koyo?" Ta ce, "Goggo, ai da faɗan matattu ake raba na masu rai." Ta rame, idonta ya zurma, amma duk jarrabawa tana sahun gaba. Ubanta ya ƙara awannin tuƙi, bai taɓa cewa ya gaji ba.

A shekararta ta ƙarshe aka zaɓe ta cikin masu shiga kotun gwaji. Wasa ne irin nasu: a ƙirƙiro ƙara, a raba ɗalibai gida biyu, a kawo alƙalin gaske ya zauna ya ga wa ya fi iya aiki. Rabonta shi ne yi wa shaidan abokan hamayya tambayoyi, wato mutumin da ya zo ya rushe ka, kai kuma ka rushe shi da bakinsa. Malaminsu tsohon lauya ne, ya ba su dokoki, ita kuma ta yi ta bitarsu a tsakar gida har ni ma na haddace ina taka keke. Tambaya ta zama gajera, abu ɗaya tak a cikinta. Kai za ka sa masa amsa a baki, shi nasa eh ko a'a. Kada ka bar shi ya yi bayani, in ya ɗauko ka katse shi. Kada ka kuskura ka ce masa "me ya sa", don ka buɗe masa ƙofa ke nan, zai fice ya bar ka. In ka samu abin da kake so, ka ce ba ka da sauran tambaya, ka zauna. Malamin ya ce musu ba a fafe gora ranar tafiya, su je gida su gwada a kan duk wanda suka samu, a kan kowace irin magana.

Da ni aka fara. Na taɓa cika baki cewa ni ba na barcin rana, sai ta kafa min kujera a rumfa ta tsaya a gabana, hannu a baya.

"Goggo, jiya bayan azahar kina ɗakinki."

"Eh."

"Keken bai yi ƙara ba har la'asar."

"Ai zare nake..."

"Eh ko a'a, Goggo."

"Eh."

"Kin fito da shatin matashi a kumatu."

Uwarta ta yi dariya har da riƙe ciki, abin da ba kasafai take yi ba. Na ce Allah ya isa tsakanina da wannan malami nasu. Daga nan abin ya zama wasan gidan. Ta kama mai kawo mana gawayi, ta kama maƙwabciyarmu a kan shekarunta, ta kama uwarta a kan wanda ya ƙarar da sukari. Kowa ya faɗa hannunta sai ya fito yana dariya yana zaginta. "Eh ko a'a" ya zama abin da muke jefa wa juna ko ruwa za a miƙo.

Yaya ne ya kai kansa. Wata ranar hutu da la'asar ya dawo da wuri, ya yi wanka, yana shan shayi a rumfa. Matarsa na gefe tana tsince shinkafa a faranti, ni ina ɗaura maɓallai. Ya ce, "Ku mata ne shi ya sa take kayar da ku. Ni da na shekara talatin ina amsa tambayar 'yan sanda a titi? Zo nan, Lauyata, ki gwada ni a kan duk abin da kika ga dama."

Ta ce ya ba ta labarin da ya sani sosai, ita kuma ta nemo ɓarakarsa. Ya zaɓi tsohuwar motarsa ta farko, wadda kullum yake yabo. Ya ce mota ce da ba ta taɓa ba shi kunya ba, ba ta taɓa tsayar masa da aiki ba ko na yini ɗaya. Yarinya ta gyara tsayuwa, ta yi gyaran murya, muna ta murmushi.

"Baba, ka ce ba ta taɓa tsayar maka da aiki ba."

"Ko sau ɗaya."

"Amma tana tafasa."

"To, wannan ai halin tsohuwar mota ne, in rana ta..."

"Eh ko a'a, Baba."

Ya yi dariya. "Eh, ranki ya daɗe."

"Da zafi kullum sai ta tafasa."

"Eh."

"Da tsakar rana."

"Eh."

"In ta tafasa sai ka ba ta ruwa."

"Eh."

"Ba ka yarda da ruwan kan hanya ba."

"Ina! Ruwan laka, ya toshe min lagireto? Na gida nake ba ta."

"Ke nan kullum da rana sai ka ajiye aiki ka dawo gida."

Ya ɗaga hannu sama, ya ce ta kama shi, mota ta tsayar da aiki. Muka yi shewa. Da a nan ta zauna, da yau wani labarin nake bayarwa. Amma an koya musu cewa in ka kama shaida ka ɗaure shi ta kowane gefe, kada ka bar masa ramin da zai sulale. Ta ci gaba, tana jin daɗin yadda kowace tambaya ke haifo 'yar'uwarta.

"A shekarar da ka sayar da ita ta fi tafasa."

"Eh."

"Shekarar da aka haife ni."

"Eh."

"Da zafi."

"Eh."

"Babu ranar da ba ka dawo ba."

"Babu."

"Lokacin babu famfo a gidan nan."

"Babu."

"A tanki kake ɗiba."

Na ji hannun uwarta ya tsaya a cikin shinkafa. Yaya ya ajiye kofin shayi a ƙasa, a hankali. Ya ce eh, amma muryar ba tasa ba ce.

"Umma tana da tsohon ciki, ba ita ke ɗaga maka murfin ba."

"A'a."

"Kai kake buɗewa."

"Eh."

Na ga lokacin da ta gane inda hanyar ta nufa. Na ga fuskarta ta sauya, wallahi na gani. Na so in ce ke, bari, amma kafin in buɗe baki ta riga ta ci gaba. Ita ma daga baya ta ce min ta ji kamar tana gangara a kan keken da ba birki, bakinta na aiki shi kaɗai, da muryar nan da ta yi wata da watanni tana horarwa.

"Ranar da wana ya faɗa, ka dawo gida da rana."

Wani mai babur ya wuce a waje.

"Eh."

"Ka buɗe tankin."

"Eh."

"Ka tafi ba ka rufe ba."

Ya ɗago, ya dubi matarsa, ba 'yarsa ba. Ya ce, "Abin da ya faru shi ne, na fita da bokitin, sai ga..."

"Eh ko a'a, Baba."

Ba da tsawa ta faɗa ba. Fita kawai ya yi daga bakinta, yadda ya saba fita duk makonnin nan muna dariya. Yaya ya rufe baki, ya sunkuyar da kai ya ce eh.

Ta tsaya tana kallon hannayenta. Ba ta san me za ta yi ba, sai ta yi abin da aka koya mata. Ta ce, "Ba ni da sauran tambaya." Ta zauna a ƙasa, a nan inda take tsaye.

Na zaci matar Yaya za ta yi kururuwa, ko ta suma, ko ta kwashe kayanta. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta ƙarasa tsintar shinkafarta, ta ɗora tukunya, muka ci abinci kowa a ɗakinsa. Washegari da rana na leƙa na tarar da ita tana barci, barci mai nauyi, baki a buɗe, tukunyar miya na tsakar gida ba murfi. Daga ranar ta daina bin murafai, ta yi ƙiba, fatarta ta yi kyau. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a duk lamarin, kuma shi ya hana ni sanin wa zan yi wa faɗa. Yarinya ta sauke wa uwarta kayan da ta ɗauka fiye da shekara ashirin, kayan da ba nata ba. Amma daga ranar uwar ba ta ƙara ce wa mijinta komai ba in ban da ga abinci, ga ruwa, an zo nemanka. Sau ɗaya na ji ya tare ta a rumfa ya ce, "Ki zauna in gaya miki yadda aka yi." Ta ce tana da abu a kan wuta, ta wuce. Babu komai a kan wutar, ni na sani.

Shi kuma ya janye idonsa daga kan 'yarsa. Bai zage ta ba, bai daina biyan bukatunta ba. Ta gaishe shi ya amsa, ta ce ta dawo ya ce madalla, duk yana kallon ƙasa ko bango. Ta je kotun gwajin nan ta ci, aka ba ta kofi, ta zo ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta gama jami'a, ta tafi makarantar horar da lauyoyi, ta dawo. Ranar da aka rantsar da su shi ya kai mu da mota, sanye da sababbin kaya, amma da muka isa ya ce mu shiga, zai tsaya ya kula da motar. Ta fito da baƙar riga da hular nan tasu mai kama da gashin tunkiya, tana ta waige-waige a cikin jama'a. Yana can nesa a bayan sitiyari, ya ɗaga gilas.

Na same shi na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Yarinyar nan ba da gangan ta yi ba."

Ya ce, "Na sani. Ai ba ta yi min ƙarya ba."

"To ka dube ta mana, ko sau ɗaya."

"In na dube ta, a kan kujerar nan nake jin kaina."

Na ce masa babba da shi, ya bar mace da laifinsa shekara da shekaru, yanzu kuma yarinya zai ɗora wa? Na faɗa masa maganganu masu zafi, ban yi nadama ba. Ya ɗauki makullinsa ya fita.

Wani babban lauya ya ɗauke ta aiki, don labarin iya tambayarta ya riga ta isa. Ba a daɗe ba ya ba ta shaida na farko, wani dattijo mai gadi a shari'ar sata. Abokiyar aikinta ce ta ba ni labari. Ta miƙe, ta gyara riga, ta tambayi dattijon sunansa da aikinsa. Ya amsa, ya ɗan sunkuyar da kai yana jiran ta gaba. Sai ta tsaya. Alƙali ya ce ana sauraronta, ya sake cewa. Ta ce ba ta da lafiya, ta zauna. Da suka koma ofis ta roƙi mai gidan ya mayar da ita ɓangaren takardu. Can take har yau, a ɗan ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, kuma an ce ba a taɓa kama kuskure a aikinta ba. A gida ma ta daina tambaya. Ba za ta ce ina kika ajiye kaza ba, sai dai ta yi ta nema har ta gani.

Uwarta ta rasu bayan 'yan shekaru, ciwon kwana kaɗan. Yaya ya ajiye tuƙi saboda idonsa ya fara hazo. Muka rage mu uku a gidan, muna kewaye facin siminti muna kuma kewaye juna. Shi yakan wuni a rumfa a kan kujerar roba, fuskarsa na kallon igiyar shanya. Wani lokaci sai in ga leɓɓansa na motsi, ba carbi a hannunsa. Da na matsa kusa wata rana, sai na ji ba addu'a yake ba. Magana yake shiryawa, yana farawa yana tsayawa yana sake farawa, kamar ɗalibi mai bitar hadda.

Abin da ya motsa Lauya ƙarami ne. An aike ta kotu kai wata takarda, ta tarar ana tsakiyar zama, ta rakuɓe a bencin baya tana jira. Wani matashin lauya ya gama matse wata mata da eh ko a'a, ya zauna yana jin kansa. Sai lauyan matar ya miƙe ya ce mata, "Ɗazu kin so ki yi bayani aka katse ki. Gaya wa kotu abin da kika so faɗa." Matar ta yi magana, kowa ya saurara. Wannan abu yana cikin littattafanta, ta ci jarrabawa a kansa, ta san duk shaidan da aka matse yana da wanda zai tashi ya buɗe masa baki. Ta dawo gida da rana tsaka, ta tsaya a ƙofar ɗakina da jakarta a hannu.

Ta ce, "Goggo, ranar nan Baba ba shi da lauya."

Na ce, "Sai yau kika sani?" Ban san me ya sa na ce haka ba, don ni ma sai a lokacin na sani.

Ta ajiye jakar, ta cire takalmi, ta tafi rumfa. Ba ta tsaya a kansa ba, ta zauna a ƙasa daf da ƙafafunsa, kamar mai jiran a ba ta tatsuniya. Ni ina bakin ƙofa, ban ɓoye ba. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Baba, me ya sa?"

Bai ce me ya sa me ba. Ya ja numfashi, maganar ta zubo a jere, a shirye, ba gargada.

"Na fita da bokitin, sai ga wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya turo amalanke. A saman kayan akwai keken yara mai ƙafa uku, ja. Wanki ya yi wata guda yana min kukan irinsa, ɗan maƙwabta yana da shi, ba ya ba shi hawa. Na leƙa ɗaki kafin in ɗebi ruwan, yana kwance a bayan uwarku, na ɗauka barci yake. Na ce bari in tsayar da mutumin nan, yanzu zan dawo. Na bi shi har kwana, muka daidaita. Ƙafa ɗaya ta karye, na ce in kai wa mai walda, da yamma in shigo da shi a bayana in ce ya rufe ido. Na sa a but ɗin motar, na zuba mata ruwa, na jefa bokitin a ciki. Sai ga fasinja har uku, masu nisa. Ina tuƙi ina dariya ni kaɗai, ina ganin yadda zai yi tsalle."

Ya shafa gwiwarsa.

"Da na dawo na tarar da mutane a ƙofar gida. Uwarku tana birgima a ƙasa tana cewa ni ce, ni ce. Na buɗe baki, na ce bari ta ɗan lafa. Washegari na ce bari a yi kwana uku. Daga nan na ce bari ta haihu. Kullum maganar sai ta ƙara nauyi. Tun a ranar, kafin in iso gida, an yi waldar, keken ya koma kamar sabo. Ban iya buɗe but ɗin ba. Da keken a ciki na sayar da motar."

Lauya ta kifa goshinta a kan gwiwarsa, kafaɗunta na rawa. Ya ɗora hannu a kanta. Sannan ya ɗago haɓarta, ya dube ta, da idanun nan da yanzu ba sa ganin komai sai inuwa. Ya daɗe yana dubanta, yana matso da fuskarsa, yana neman ta. Na ce a raina alhamdu lillahi, an gama.

Sai ya juya kai wajen ƙofar ɗakin matarsa, wadda ke rufe tun ranar da aka fitar da ita.

Ya ce, "To, ke kin ji. Ita wa zai gaya mata?"